Filin Gwaggo: Tabar Maigida Ta Hana Ni Sakat

 Wasiƙu uku na ware muku a wannan mako, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato tabar nan mai danshi da ake ƙunsawa a baki. Kowa tambayarsa yadda zai adana ta. Ku matso, akwai magana.

Gwaggo, barka da aiki. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu, autan bai cika shekara biyu ba. Maigidana ya daɗe yana fatauci a Gadarif ta ƙasar Sudan, a can ya koyo sa tumbak a baki. Da yaƙi ya ɓarke a 2023 ya dawo gida, amma bai baro ɗabi'ar a can ba. Yanzu garin taba yake sayowa a kasuwa, ya jiƙa kanwa, ya kwaɓa da kansa, ya cika leda fal, ya miƙo mini ya ce in adana masa. To Gwaggo, in na ajiye a ɗaki, kafin kwana biyu ta bushe, ya ce ba ta da kai. In na sa a firji, a ɗauke wuta, ta yi gumi, wani lokacin har da fumfuna, ga warinta ya kama zoɓon da nake sayarwa. Ko yaya na yi, faɗa ne. Shekaranjiya ma na kama autana da ledar a hannu yana ƙoƙarin kwancewa. Don Allah ki koya mini yadda zan adana ta ta daɗe da danshinta, in huta da gori. Ga shi kwanan nan wani farin tabo ya fito masa a cikin leɓen ƙasa, in ya sa busasshiya sai ya ce tana yi masa zafi, shi ya sa nake son ta zauna da laushinta.

'Yarki mai neman zaman lafiya, Kano.

'Yata, sannu da haƙuri. Kin yi mini dogon bayani a kan leda da firji da zoɓo, sai a layin ƙarshe kika sako babbar magana, kika wuce abinki. Za mu zo kanta, kada ki ɗauka ban gani ba. Amma tunda tambaya kika yi, sai in fara ba ki amsarki. Matar da ake yi wa gori safe da yamma, mafita take fara nema kafin wa'azi.

Ki san abin da ke cikin ledar tukuna. Tumbak ɗin Sudan ganyen taba ne da akasari ake nomawa a Darfur. A busar da shi, a yayyafa masa ruwa a tara ya nuku, a niƙa, sannan a kwaɓa da ruwan kanwa, wadda su suke kira atrun. Abin da maigidanki ke kwaikwayo ke nan da garin tabar kasuwa. Aikin kanwar shi ne ta saki nikotin daga ganyen, ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Wannan shi ne kan da yake nema. In ledar ta sha iska da zafi, ruwan ya tsane, ƙarfin ya ragu, sai ya ji salam, sai ya juyo kanki. To, ki cire wa ranki laifi. Zafin Kano ne ya busar da ita.

Sai dai danshin nan da yake so ki tsare masa, a nan gizo ke saƙa. Jiƙaƙƙiyar taba kamar ƙullun koko take: in kin bar ta a zafi, tana ta aiki ita kaɗai. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani a jikin ganyen. In suka sami ruwa da ɗumi, sai su riƙa juya wani gishiri da ke cikin tabar, shi kuma ya haɗu da nikotin da danginsa, ya haifar da gubar da masana ke kira naitirosamin. Ita ce kan gaba a jawo ciwon daji ga masu wannan ɗabi'a. A shekarun 1990 an gwada wannan a Amurka da irin tasu jiƙaƙƙiyar tabar. Wadda aka bari a ɗaki ta wuce makonni huɗu, gubar cikinta ta ƙaru sosai. Wadda aka ajiye a sanyin digiri 4 kuwa ba ta ƙaru ba. Yanzu ki tuna ɗakinki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40. Leda cike da kwaɓaɓɓiyar taba ta mako uku a irin wannan ɗaki, ko tana da laushi ko ba ta da shi, ta fi ranar da aka kwaɓa ta illa.

Saboda haka ga abin da za a yi, muddin tabar na gidan.

Ya daina kwaɓa ta da yawa. Ta kwana biyu ko uku ta isa.

Garin da ba a jiƙa ba ya zauna a bushe, a rufe, nesa da rana.

Wadda aka kwaɓa a sa ta a ƙaramar kwalba mai murfin da ke ɗauruwa gam. Leda ba ta riƙe danshi, ba ta riƙe wari.

Kwalbar ta zauna a wuri mai sanyi, a sama, a kulle. Ban da aljihun gaban riga, ban da gaban mota inda rana ke duka.

Wadda ta bushe a zubar. Kada a sake yayyafa mata ruwa, balle yawu.

Wadda ta yi fumfuna ko ta canja wari, masai ne makomarta. Ba a kankare sama a yi amfani da ƙasa.

Firji kuwa, gaskiya ne sanyi na rage saurin lalacewarta. Amma firjin da ake ɗauke wa wuta ya yi ta ɗumi yana sake sanyi, gumi kawai zai tara mata, kin kuma gani da idonki. Ban da haka ma, firjin nan jarinki ne. Duk ranar da mai sayen zoɓo ya kurɓa ya ji warin taba, ba zai gaya miki ba, gidan maƙwabciyarki kawai zai koma. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero. Ba ta kwana inda abinci ke kwana.

Kuma 'yata, wa ya ce aikinki ne? Namijin da ya iya jiƙa kanwa ya iya rufe kwalba. Ki wanke kwalbar, ki miƙa masa da ladabi, ki ce: “Alhaji, ga wannan, ka riƙa ajiyewa a durowarka ka kulle, saboda yara.” Ajiya ta koma hannun mai ita. In ta bushe, ya san wanda zai yi wa faɗa.

Maganar auta kuwa, da na karanta sai da gabana ya faɗi. Yaron da bai kai shekara biyu ba, komai ya ɗauka baki yake kaiwa, kuma ɗan abin da babba zai ƙunsa ya yi ta hira, ya isa ya kwantar da yaro. Alamun su ne amai, dalalar yawu, gumi, jiki ya saki, a wasu lokutan har jijjiga. Allah ya kiyaye, in hakan ta faru, ki sa yatsa ki kwashe abin da ya rage a bakinsa, ki ɗauke shi sai asibiti, ki tafi da ledar a gani. Kada ki tsaya ɗura masa manja ko madara kamar yadda muka saba, kada ki sa shi amai da ƙarfi, yana iya shaƙewa. Sannan kada a taɓa zuba taba a gwangwanin madara ko na kayan shayi. Yaro ya san wannan gwangwani, ya san daɗi ne a ciki. Har gwangwanin da maigidan ke tofa yawu a ciki, a ɗauke shi daga ƙasa.

To, yanzu mu dawo kan layin ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Farin tabon nan ya fito ne daidai inda yake ajiye tabar, ko ba haka ba? Na sani ba sai kin faɗa ba. Fatar wurin ce ta gaji da ƙuna, ta yi kauri ta yi fari. Ke kuma saboda tausayi kina neman yadda za ki tausasa tabar don ya ci gaba da ɗora ta a kan ciwon. Niyyarki mai kyau ce, amma hanyar ba ta ɓullewa.

Ba kowane farin tabo ne ciwon daji ba, kada ki tayar da hankalinki ki kasa barci. Da yawa kan baje in an daina sa tabar. Amma wasu daga cikinsu su ne mafarinsa, kuma ni da ke ba mu iya bambancewa da ido. Ƙa'idar likitoci a nan mai sauƙi ce: duk tabo fari ko ja, ko gyambo, ko ƙullutu a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi a duba. Kuna Kano, ga sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga sauran manyan asibitoci. Likita zai duba, in ya ga dama ya ɗan yanki tsokar wurin a auna. Ciwon dajin baki in an kama shi da wuri ana warkewa. In aka bari ya ci, aikin kan kai ga cire ɓangaren leɓe ko muƙamuƙi, mutum ya kasa tauna tuwo, ya kasa fitar da magana sosai, ya riƙa ɓoye fuska da rawani.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta daɗe da sa tabar baki a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo ga ɗan Adam, musamman a baki da kuma hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. An ƙirga aƙalla sinadarai 28 masu jawo shi a cikinta. Shi kuma tumbak ɗin da maigidanki ya yi shekaru yana sawa a Gadarif, likitocin Sudan da suka auna shi sun tarar gubar naitirosamin ɗin cikinsa ta ninka ta tabar bakin Suwidin da Amurka sau ɗari. Kin ga leɓen nan ya daɗe yana ɗaukar kaya.

Yadda za ki tunkare shi shi ne abin lura. Kada ki yi maganar a gaban yara. Kada ki yi ta lokacin da yake neman tabar bai samu ba, a lokacin ba shi ne ke magana ba. Ki bari ya ci abinci, ya natsu, ki zauna kusa da shi ki ce: “Baban yara, tabon nan ya hana ni barci. Mu je a duba, ko hankalina ya kwanta.” Kada ki ce masa ya daina a ranar, asibitin kawai za ki roƙa. Mutumin nan ya bar kasuwarsa da abokansa a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, ya dawo yana fara rayuwa daga tushe. Ba mamaki wannan 'yar ledar ce ta rage masa daga waccan rayuwar. Ki ji tausayinsa, amma kada tausayin ya sa ki yi shiru. In ya ƙi ji daga bakinki, akwai yayansa, akwai amininsa, akwai limamin unguwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ki sake rubuto mini bayan kun dawo daga wurin likita. Ina jira.

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a birnin Malmo na ƙasar Suwidin. Da ina shan sigari, sai abokan karatu suka nuna mini sunus, 'yar ƙaramar jaka ce ta taba da ake sawa a ƙarƙashin leɓen sama, ba hayaƙi, ba tofar da yawu. Da ita na bar sigari. Yanzu zan zo gida Katsina bikin aurena, zan yi wata biyu. Ina so in taho da gwangwanayen da za su ishe ni, amma a nan a firji ake sayar da ita, ina tsoron zafin gida ya lalata mini. Yaya zan yi? Kuma ba na son amarya ta sani, don ta ɗauka ba na shan komai.

Ɗanki, angon gobe.

Ango ka sha ƙamshi! Allah ya sanya alheri. Wato wasu na lissafin akwatunan lefe, kai kana lissafin gwangwanayen taba. Madalla.

Zan ba ka haƙƙinka tukuna. Barin sigari da ka yi ba ƙaramin abu ba ne, na yaba. Kuma ba zan yi maka ƙarya in ce sunus da tumbak ɗaya suke ba. Mutanen Suwidin turara tabarsu suke yi da zafi, su kashe ƙananan halittun nan da na yi wa 'yar'uwarka bayani, maimakon su bar ta ta nuku. Ƙarƙashin dokar abinci suke sarrafa ta, su buga mata ranar ƙarewa, su ajiye ta a sanyi tun daga kanti. Shi ya sa gubar cikinta ba ta kai ta sauran ba. Tarayyar Turai ta haramta sayar da ita a 1992, amma da Suwidin za ta shiga ƙungiyar a 1995 sai da ta sa aka cire ta daga wannan doka, don abin ya zama musu al'ada. Ƙasar ce kuma ta fi kowace ƙasa a Tarayyar ƙarancin masu shan sigari kullum. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a tallata wasu nau'o'inta da cewa illarsu ba ta kai ta sigari ba. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ka lura da abin da aka ce: ba ta kai ba. Ba wanda ya ce ba ta da illa. Nikotin ɗin na nan daram. Yana sa zuciya bugawa da sauri, yana ɗaga jini, yana janye dasashi daga jikin haƙori a inda kake sa jakar. Ka ɗaga leɓenka na sama gaban madubi, za ka ga wurin ya yi fari ya tattare. Babbar illar kuwa ga ta a cikin wasiƙarka: saurayi zai zo aurensa, abin da ya hana shi barci shi ne kada taba ta yanke masa. Sabo turken wawa, ɗana. Ba zagi ba ne, karin magana ne.

Amsar tambayarka a taƙaice: gwangwanin da ba a buɗe ba, in yana firji, zai kai ranar da aka buga a jikinsa. In an ɗaure shi a leda aka sa a wurin ƙanƙara, yana yin watanni, sai dai a bar shi ya saki a hankali a cikin firji kafin a buɗe. Wanda aka buɗe kuwa kwanaki ne ya bushe. Duk wannan sai da wuta tsayayya. A Katsina, a gidan biki, firji ɗaya, ƙannenka da 'ya'yan baƙi suna buɗewa suna rufewa suna neman lemo, ina za ka ɓoye? Jakunkunan nan ƙanana ne, wasu har ƙamshin na'a-na'a suke yi. Yaro zai ɗauka alewa ce. In ɗan wani ya haɗiya, da wane ido za ka kalli uwarsa? Sannan kafin ka cika akwati, ka binciki dokar kwastan ta duk ƙasar da za ka ratsa.

Batun ɓoye wa amarya kuwa, ka ba ni dariya. Matar da za ta wanke maka riga ta laluba aljihu, ta share ɗaki, ta kwana kusa da numfashinka? Kafin a gama cin gara ta gano. Kuma ranar da ta gano, tabar ba za ta dame ta kamar ɓoyewar ba. Za ta zauna tana tambayar kanta me kuma ka ɓoye. Ka kira ta kafin ɗaurin aure ka gaya mata da bakinka. Ka ce ka bar sigari, saura wannan, kana neman ta taya ka. Yarinyar kirki za ta ji ka girmama ta.

Shawarata, wata biyun nan dama ce ta faɗo maka. Ka fara ragewa tun yanzu. Ka je kantin magani a nan inda kake, ka nemi cingam ko filastar nikotin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magunguna tun 2009, a nuna maka yadda ake amfani da su. Kwanaki ukun farko zuwa mako ɗaya su ne masu wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Bayan mako biyu zuwa huɗu abin na lafawa. Ka sha wannan wahala kafin ka hau jirgi, kada ka zo ka sauke ta a kan 'yar mutane a makon amarci. Wanda ya iya barin sigari zai iya barin wannan.

Gwaggo, ina da cikin wata biyar, na fari. Yawu da tashin zuciya sun dame ni, ga ciwon haƙori. Surukata ta ba ni garin taba da kanwa daga battarta, ta ce in riƙa dasawa a gefen haƙorin, ita ma da shi ta haifi 'ya'yanta tara. Ina jin sauƙi in na sa. Amma wadda ta ɗebar mini tun damina take, ta soma wari. Yaya zan adana ta kada ta lalace?

'Yarki, daga Maraɗi.

'Yata, ke kam ba adanawa za ki yi ba. Zubarwa za ki yi, yau ɗin nan.

Tsohuwa ko sabuwa, taba ba ta mai ciki ba ce. Nikotin ɗin da ya shiga jininki yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da ke cikinki, yana kuma matse jijiyoyin da ke kai masa abinci da iska. Ko a Suwidin, inda tabarsu ta fi kowace tsabta, an bi diddigin matan da suka yi amfani da ita da juna biyu, aka ga haihuwar bakwaini da haihuwar ɗa ba rai sun fi yawa a cikinsu. Ina ga wadda ta kwana a batta tun damina?

Sauƙin da kike ji na ɗan lokaci ne. Tabar na kashe zafin wurin, ramin haƙorin kuwa yana nan yana ƙara zurfi. Ki gaya wa ma'aikaciyar awo, ta haɗa ki da likitan haƙori. Ana duba haƙorin mai ciki, kada wani ya ce miki sai kin haihu. Tashin zuciyar ma akwai dabarunsa: ci kaɗan-kaɗan, kada ki bar ciki wayam, ki gwada ruwan citta mara ƙarfi. In ya yi tsanani akwai maganin da za su ba ki.

Surukarki ba mugunta ta yi miki ba. Abin da aka yi mata ta yi miki, kuma da ƙauna ta buɗe battarta. Kada ki ce mata ba ta sani ba, kada ki yi mata gardamar 'ya'ya tara. Ki durƙusa ki ce: “Inna, na gode, amma a wurin awo sun hana ni, sun ce sai na sauka lafiya.” In mijinki ne ya faɗa mata, ya ma fi. Ɗa da uwarsa ba a shiga tsakaninsu. Allah ya raba lafiya.

Yanzu gare ku duka. Wane gida ne babu batta? Ko ta kaka, ko ta baba, ko ta direban da ke cewa ita ke hana shi gyangyaɗi a hanyar Legas. Mun tashi mun ga tsofaffi na ɗiba da yatsa biyu suna dasawa, mun ga iyayenmu mata na goga furen taba da goro don haƙora su yi ja. Saboda ba ta hayaƙi, ba ta damun na kusa, sai muka ɗauke ta ba komai ba. Wanda zai kori ɗansa a kan karan sigari ɗaya, shi ne zai aiki ɗan nan ya sayo masa garin taba. Alhali ƙunsa ta a baki na rabin awa na iya ba jiki nikotin ɗin sigari uku zuwa huɗu. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Sama da mutum miliyan 300 ne ke amfani da tabar da ba ta hayaƙi a duniya, akasarinsu a Indiya da maƙwabtanta, inda ciwon dajin baki ke cikin waɗanda suka fi kashe maza.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba. Ko babu doka, ku daina aiken yara sayo ta. Hannun da ya saba ɗauko ta, wata rana zai ɗanɗana.

Masu cewa ba za su iya bari ba, ina da tambaya. Wa ke ƙunsa ta da rana a watan azumi? Tun daga asuba har faɗuwar rana kuna haƙura, kwana talatin, ba wanda ya mutu. Ashe kuna iyawa. Ku sa rana, ku gaya wa mutum ɗaya da kuke jin nauyinsa, ku zubar da abin da ya rage, har da battar. In bakin ya nemi abin taunawa, ga asuwaki, ga dabino, ga aya. In an faɗi a tashi, a sake sa wata ranar. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma matan da aka ɗora wa ajiya, kun ji dai: kaɗan, a kwalba, a sanyi, a kulle, nesa da abinci da yara. Wannan na rage ɓarna, amma babu ajiyar da ke mayar da taba lafiyayya.

Duk mai batta a aljihu, daren yau ya ɗauki madubi da fitilar waya, ya ja leɓensa, ya duba dasashi da kumatu da ƙarƙashin harshe. In ya ga fari, ko ja, ko gyambon da ya ƙi warkewa, gobe da safe ya nufi asibiti. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Ku ci gaba da rubuto mini damuwarku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Gwaggo